Ni da Carbi da Gyangyaɗi

Carbin Rosari ƙwaya 59 ne. Na sha ƙirga shi da rana tsaka, idona biyu, don haka babu mai ja da ni a kan wannan. Abin da ba zan iya ba da shaida a kai ba shi ne abin da ke gudana daga ƙwaya ta 25 zuwa sama in dare ya yi, domin a daidai nan nake rabuwa da jama'a. Iyalina su miƙe da addu'a, ni kuwa in ratse wata hanya da babu ita a littafi.

Abin kunyar shi ne ni ne mai kafa dokar. Da zarar Oktoba ya kama, watan da Ikilisiyar Katolika ta keɓe wa Rosari, sai in tara gida a falonmu da ke Bosso a Minna in yi shela: ƙarfe takwas kowa ya hallara, a kashe talabijin, a kife waya. Jadawalin kuwa a kaina yake. Litinin da Asabar asiran farin ciki, Talata da Jumma'a na baƙin ciki, Laraba da Lahadi na ɗaukaka, Alhamis kuma na haske, waɗanda Paparoma John Paul na biyu ya ƙara a 2002. Ranar da labarin ƙarin ya iso mana kowa na murna, ni gabana ne ya faɗi. Wanda goma sha biyar suka gagara, ga shi an ɗora masa biyar.

A baran ne asirina ya gama tonuwa. Wata Jumma'a ina jan addu'a, murya a sama kamar katikis, mun shiga asiri na uku. Ban san lokacin da falon ya rikiɗe ya zama Keke Napep ba. Sai kawai na ji bakina ya ce da ƙarfi, "A sauke ni a Mobil!" Falon ya yi tsit. Autarmu ta taɓa gwiwata ta ce, "Baba, ba mu kai Mobil ba tukuna, muna kan rawanin ƙaya." Uwargida ba ta ce uffan ba, ta karɓi jan addu'ar daga inda na yar da ita. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, sai na gyara zama na yi ta amsawa da ƙarfi fiye da kowa, har na sake tafiya a asiri na biyar.

Da farko doya na ɗora wa laifi. Wanda ya san Minna ya san Oktoba lokacin sabuwar doya ne, Gwarawa na shigo da ita daga ƙauyuka tuli-tuli, kuma mutum ba ya cin sakwara malmala biyu da miyar agushi sannan ya ce zai yi tunani a kan asiran sama. Sai na ce to bari in koma addu'ar rana. Bishop Martin Uzoukwu, wanda ya fara riƙe dayosis ɗin Minna a 1996, sananne ne wajen yaɗa ibadar Jinƙan Allah, wadda ta samo asali daga Sista Faustina ta ƙasar Folan. Da wannan carbin dai ake yin ta, ƙarfe uku na rana, kuma ba ta cika cin minti goma ba. Na ce ga daidai ni. Na manta cewa ƙarfe uku na rana a Minna, cikin watan Maris, ko akuya neman inuwa take ta kwanta. Minti huɗu na yi.

Da doya da zafi suka kasa wanke ni, sai na shiga neman lauyoyi a cikin tsarkaka, kuma na samu manya. Bitrus da Yakubu da Yohanna sun yi barci a Getsamani, har sau uku Ubangiji yana dawowa yana tarar da su. A Ayyukan Manzanni sura 20 akwai saurayin da barci ya kwashe yana zaune a taga, Bulus na wa'azi har tsakar dare, ya faɗo daga bene na uku. Babbar lauyata kuwa ita ce Teresa ta Lisiyo, 'yar Faransa da ta rasu a 1897 tana da shekara 24. Da hannunta ta rubuta cewa barci na sace ta a lokacin addu'a, kuma Rosari na yi mata wuya. Duk da haka a 1997 aka sa ta cikin manyan malaman Ikilisiya. Na haddace waɗannan hujjoji tsaf, fiye da yadda na haddace addu'ar kanta.

Da su na je wurin furta zunubi. Fada ya saurare ni har na ƙare, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Baba, ranar Talata da ake buga ƙwallon Turai, ƙarfe nawa kuke kwanciya?" Na yi shiru. Gaskiya ita ce minti 90 nake yi a gaban talabijin ko ƙifta ido ba na so in yi, in an ƙara lokaci ma murna nake, alhali Rosari duka bai wuce minti 20 ba. Ya ce Bitrus ya yi barci, amma daga baya a Roma ya ba da ransa, ni kuma me na shirya bayarwa? Ya ba ni horo mai sauƙi: mako guda in yi Rosari a tsaye.

A nan na gano wata baiwa da ban san ina da ita ba. Ashe ina iya barci a tsaye kamar doki, muddin akwai bango kusa.

Maƙwabcina Alhaji shi ya ƙarasa ni. Kullum bayan sallar asuba yana kan tabarma a ƙofar gida yana jan tasbaha, ni kuwa a lokacin nake juyi na biyu. Labarin Mobil ya isa gidansa ta bakin yara. Da muka gaisa ya ce, "Malam, tawa 99 ce, taka 59. An ma yi maka ragi, amma ka kasa biya?" Muka yi dariya, tawa dai ta ciki na ciki ce.

Yanzu na koma yin Rosari ina tafiya, daga gida zuwa bakin titi in dawo, kafin a zuba abinci. Barcin ya ragu, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai hankalin ya samu sabuwar sana'a, baki na gaida Maryamu, zuciya na lissafin kuɗin makaranta da na haya. Jan addu'a a gida kuwa an karɓe shi daga hannuna ba tare da wani taro ba, autar ce ke ja yanzu, ni an ba ni kujerar katako marar majingina.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka shiga babban cocin St. Michael wata yamma ka hangi wani dattijo a durƙushe, kai a sunkuye, carbi na lilo a hannu, kada ka ce wa yaranka su yi koyi da shi. Matso kusa ka saurara. In ka ji numfashin ya yi nauyi, don Allah ka zungure ni.