Malam, Wace Ce Beauty?

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Rafin Guza ya san abin da iskar bakin kogin Kaduna take yi wa fatar mutum. Ka yi alwalar asuba, kafin ka isa masallaci fuska ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Ni dai man kaɗanya na sani tun ina yaro, sai basilin idan aljihu ya yi nauyi.

Ina latse-latse a Facebook bayan isha'i sai ga talla. Hoton wani dattijo ne kashi biyu: a hagu fuska duk ta yamutse, a dama ya koma saurayi, har gemunsa ya yi baƙi, ko da yake ban san haɗin man shafawa da furfura ba. An ce gwaji ne kyauta, kuɗin kawowa kawai za ka biya, naira 2,500, kuma saura kwalba bakwai. Ga wani agogo a ƙasa yana ta ƙirge. Na tuna an ce araha ba ta ado, sai na ba kaina fatawa cewa ba a ambaci kyauta a karin maganar ba. Na zuba lambobin katina na ciki da na baya, banki ya turo lambar tabbatarwa, na shigar. Akwai wani ɗan akwati da na tarar an riga an yi masa maki, da Turanci ƙanana-ƙanana a ƙarƙashinsa. Na ce ai sun ma rage mini aiki.

Da kaya suka iso, ɗan aike ya kira ni daga gadar Kawo, wai bai san lungunanmu ba, sai da na biya kuɗin keke na same shi. Kwalbar ba ta kai ƙwan zabo ba. Na ɓoye ta cikin jakar takardun gida, ina shafawa a asirce. Iyakar sakamakon da aka gani shi ne wani abokina a majalisa da ya ƙura mini ido ya ce, "Lafiya kake zufa cikin sanyin nan? Ko zazzaɓi ne?"

Ranar da albashi ya shigo, wayata tana hannun uwargida, tana nuna wa auta hotuna. Sai alat. Naira 38,000 sun fita, kuma sunan mai karɓa yana ɗauke da wata kalma guda da ta iya karantawa sarai.

"Malam, wace ce Beauty?"

Na ce ban san ta ba. Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa jin gaskiyar da ta yi kama da ƙarya irin wannan ba. Ta ce, "Shi ya sa ake ta ƙyalli kwanan nan. Ai da ka gaya mana, ba sai mun ji guɗa a ƙofar gida ba." Kafin la'asar yayarta ta iso daga Unguwar Dosa da mayafi a kafaɗa. Dole na fito da kwalbar a gabansu. Wallahi da na san irin dariyar da za su yi, da na amsa laifin neman auren, ya fi mutunci.

Na ɗauka an wuce wurin. Wata ya zagayo, Beauty ta sake karɓar rabonta, ta ma riga mai shago da makarantar yara.

A banki wani matashi ya duba kwamfuta ya ce, "Baba, a takarda ba sata ba ce, kai ka amince." Ya yi mini bayani cewa lambar tabbatarwa sau ɗaya ake nemanta, daga nan kamfani ya riƙe izinin katin, yana cira duk wata ba tare da an sake tambayarka ba. Ya buɗe ƙananan rubutun nan ya fassara mini: kwana 14 ne gwajin, daga ranar da ka yi oda ake ƙirgawa, ba ranar da kaya suka zo ba. Idan ba ka kira ka soke ba, ka sayi kwalbar a cikakken farashi, kuma ka shiga rajistar wata-wata. Lambar sokewar kuwa na kira, kiɗa kawai take yi, ya cinye mini kati.

Ashe tsohuwar sana'a ce. A 2015 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta maka masu sayar da man AuraVie a kotu kan wannan dabara: mutum ya biya abin da bai kai dala 5 ba na kawowa, a cire masa kusan dala 98. Mu ma ai mun saba da ƙaramarta, waƙar kiran da ba ka nema ba tana cin katinka duk mako. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da uwargida ta juya kwalbar ta ce babu lambar NAFDAC. A 2023 hukumar ta yi shelar dokar ta-ɓaci kan mayukan bilicin saboda sinadaran da ke lalata fata da ƙoda, ni kuma ga ni ina goga abin da ban san asalinsa ba a fuskar da nake zuwa aiki da ita.

Aka toshe katin, na biya kuɗin sabo, na cike takardar koke wadda har yau ake "dubawa". Kwalba ta biyu da na biya kuwa ba ta taɓa tsallako gadar Kawo ba.

Mai karatu, duk kyautar da ta nemi lambobi ukun bayan katinka, rufe shafin. Idan kuma ka riga ka bayar, kada ka jira ƙarshen wata: je banki gobe da safe a toshe katin, kuma ka riga mai ɗakinka ganin alat.