Injiniyan Zazzau Ya Sayo Ƙwaƙwalwa

Kai Bazazzagi, bawan Kanawa, labarinka ya riga motarka barin gareji. An ce an sauke wa Corolla ɗinka giya an mayar, ka murɗa makulli ta ƙi tashi. Bakanike ya jona kwamfuta, ta nuna U0100, kai kuma ka gyara zaman hula ka yanke hukunci: ƙwaƙwalwa ta ƙone. Ta wa? Ni dai ban ce komai ba.

Kai da kullum kake cika mana baki cewa a gindin jami'a aka yanke maka cibiya, ko tambaya ba ka yi ba. Lambar nan ba sanarwar rasuwa ba ce, Injiniya. Ƙorafi ne daga sauran na'urorin motar, cewa sun daina jin muryar ta inji. In ka kira ni waya ba ta shiga ba, sai ka shimfiɗa tabarmar makoki? Wataƙila caji ne ya ƙare, wataƙila kuma rancenka nake gudu.

Amma ina! Sarkin Gaggawa ya hau mota sai Panteka, ya dawo da wata ƙwaƙwalwar a ƙunshe cikin leda. Aka ɗaura, shiru. In ma ta samu wuta, ba ta san makullinka ba, kuma ba za ta bar inji ya tashi ba sai an daidaita su da kwamfuta. Ga ƙwaƙwalwa biyu, ga ka a bayan acaɓa, babbar riga na kaɗawa. Allah Ya huci zuciyarka, kyau dai ka yi.

Motar da ta shiga gareji da ƙafarta, inda hannu ya taɓa ake fara dubawa. Batir na da ƙarfi? Fiyus ɗin inji lafiya? Soket ɗin da aka zare ya koma har ya ce ƙas, ko an lanƙwasa masa haƙori? Sai wayar da ke haɗa inji da jikin mota, wadda ake kwancewa in za a sauke giya, ake kuma mantawa da ita in Magariba ta kawo jiki.

In duk wannan lafiya, mai wayarin ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, inda soket mai rami 16 yake. Rami na 16 wutar batir ce, na 4 da na 5 jikin mota. Na 6 da na 14 su ne bakin wayoyi biyu da aka murɗe tare, layin CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, wanda na'urorin ke hira ta cikinsa. A cire kan batir, a sa mita tsakanin ramukan biyu. In ta nuna om 60 ko kusa, layi lafiya lau, domin kowane ƙarshensa na ɗauke da 120. In ta nuna 120, an samu yankewa ko wani soket na lilo. In ta faɗi kusan sifili, wayoyin sun haɗe, mai yiwuwa an matse su tsakanin giya da inji. Ka rubuta, na san ku da son biro.

Ƙarshenta wa ya gano? Yaron gareji, wanda ka aika sayen ruwan leda. Ya leƙa ya ga wayar jiki tana reto, ya ɗaure noti ɗaya, aka mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwarka, mota ta tashi bugu ɗaya. An ce ka ba shi naira ɗari biyu, har kana jiran ya durƙusa. Haba, ɗan Malam!

Waccan ta leda kuwa, kawo min ita Ƙofar Ruwa, na saya rabin kuɗi, don zumunci. Na san za ka ce Bakano da kuɗi sai Allah. Na ji, na ɗauka. Ka taho ranar Asabar, kuma kuɗin shayi a aljihunka yake.