Alhaji a Cikin Firji

Wani abokina da aiki ya kai Landan ya hana ni sakat a makon nan. Hoto kan hoto a status ɗinsa na WhatsApp, duk duhu, sai ka ƙura ido kafin ka gane inda hancinsa yake. Wai ya gano wata ɓoyayyiyar mashaya da ba kowa ya sani ba. Na tambaye shi yadda aka yi ya gano. Ya ce Google Maps ce ta kai shi har bakin ƙofa, kujera kuwa tun kafin ya hau jirgi ya kama ta intanet. To, madalla.

Ƙofar ce abin kallo. Wai sai ka shiga wani ɗan gidan abinci, ka raɗa wa ma'aikaciya kalmar sirri, ita kuma ta buɗe maka firji. Firji dai, na sanyaya ruwa. Ka sunkuya ka shige, sai ga matakala. Mutumin nan digirinsa biyu, ya aurar da 'ya, a unguwa da shi ake sasanta rikicin gado, amma ya bi layi cikin yayyafi yana jiran a saka shi a firji. Masu layin nan kowa da kalmar sirrin a fuskar wayarsa, wani ma yana tambayar na gabansa yadda ake furta ta. Ni tausayin ma'aikaciyar nake ji: tun magariba ake ta raɗa mata magana ɗaya, dole kuma ta waiga hagu da dama kamar yau ta fara ji. Ranar da firjin ya lalace, wa za a kira, mai gyaran firji ko kafinta? In wani bawan Allah ya buɗe yana neman madarar shayi, ya ci karo da Alhaji yana fitowa da hula a hannu fa? Shi ne fa wanda in uwargida ta ce ya miƙo mata tumatir daga firjin gida, sai an tara waliyyai.

Amurkawan da ake kwaikwayo a wannan ɓuya aƙalla suna da abin gudu. Daga 1920 zuwa 1933 dokar ƙasarsu ta haramta yin giya da sayar da ita, 'yan sanda na fasa ƙofa, su Al Capone na harbe-harbe a Chicago, mutane na makancewa da mutuwa saboda gurɓatacciyar barasa. Ingila kuwa ba ta taɓa yin irin wannan doka ba. Wato ana ɓuya ne daga dokar wata ƙasa da aka soke tun kafin a haifi kakan mai shagon, a ɗakin da lasisinsa ke hannun hukuma. A Kano, inda Hisba ke farfasa kwalabe, masu ɓuyan gaske ba sa ɗaukar hoto.

Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Yayansa ya tare ni a masallaci yana sa masa albarka, wai tunda ya tafi hoto ɗaya ya gani, a gaban Babban Masallacin Landan. Ashe an tace masu kallo. An rufe wa yaya, an rufe wa surukai, an rufe wa liman, ni kuma an bar ni a buɗe. Da aka zo ware mutanen kirki, ba a ga sunana ba ke nan.

Ya rantse lemo ne zalla ya sha, babu ɗigon giya. Ban musa ba, Allah ne masanin gaibu. Amma na ga kofin. Dunƙulen ƙanƙara guda ɗaya, an sassaƙa shi da wuƙa, ya cinye kofin kaf, lemon ya raɓe a gefe, kurɓi biyu ya ƙare. Aka ƙona wani ganye aka kifa masa hayaƙi a kai, aka karɓi fam goma sha wani abu. Har yana yabon ƙanƙarar, wai garau take, ana hango yatsa ta cikinta. Ruwa ne fa, Alhaji, da ruwa aka san shi da haka.

Duk wanda ya cika maka kofi da ƙanƙara ya caje ka kuɗin lemo, a ƙarƙashin ƙasa yake a Landan ko a bakin titin Zoo Road, macuci ne.