Nawa Za A Sa Mata, Yallaɓai?

A rumfar mai faci ake gane halin masu mota. Tambayar ɗaya ce kullum, amma kowa da tasa amsar.

Akwai Sarkin Shuri. Shi ba ruwansa da geji, ƙafarsa ce ma'auni. Zai tattare babbar riga, ya zagaya mota, ya kai wa kowace taya shuri yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, sannan ya ce lafiya lau. Alhali tayar zamani tana iya rasa kwatan iskarta ido bai gane ba, balle yatsan ƙafa. Gefe da gefenta su cinye, mota ta riƙa shan mai, shi kuma ya ce gidan mai ne ke yi masa ƙwange.

Na fi tausayin ɗan boko, don shi ya yi ƙoƙari. Ya tsugunna, ya goge ƙura da hankici, ya karanta jikin taya, ya ga 44 ko 51 PSI, ya miƙe yana ba da umarni da Turanci. Bai san wannan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ba ce. Kamfanin taya ai bai san wace mota za ta sa ta ba. Wanda ya ƙera motar shi ya sani, kuma ya rubuta a 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba: ta gaba kaza, ta baya kaza, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35. Safe da yamma gefen rigarsa na gogar takardar, bai taɓa sunkuyawa ya duba ba. Motarsa tana tsalle a kowane rami, tsakiyar taya ta yi sanƙo, Hajiya a baya tana salati.

Sai Malam Sa-Yadda-Ka-Saba, wanda ko gilashi ba ya saukewa duka. Mai faci kuwa abin da ya saba da shi arba'in ne, Corolla da Hiace duk kuɗinsu ɗaya, da gejin da ya sha faɗuwa a kwalta.

Direban haya nasa ilimin daban ne. Ya loda buhunan masara, ya zaunar da mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ya ga taya ta kwanta, sai ya ce, "Ƙara mata, maigida, ƙara dai!" Gaskiya ne mota mai kaya tana son ƙarin iska, takardar ƙofa ma takan nuna haka. Amma iska ba ta mai da Golf tirela.

Ƙanensa shi ne mai rage iska da tsakar rana. A zafin Afrilu ya taso daga Kano, ya tsaya Zariya, ya ga geji ya hau, ya tsinci ashana ya danna bawul wai kada taya ta fashe. Zafin tafiya ne ya ɗaga iskar, kuma da lissafinsa aka ƙera tayar. Tayar da ba ta ƙoshi ba ita ce ke lanƙwashewa, ta ɗau zafi, ta tarwatse. Shi ya sa ake aunawa da sassafe, kafin mota ta yi nisa.

Akwai kuma wanda fitilar gargaɗin taya ta dame shi, ya liƙe ta da baƙin salatif.

Na ƙarshe shi ne mai gejinsa a aljihu. Duk wata yana aunawa, har da safaya. Ya zo rumfa ya ce 32, mai faci ya sa 36, ya ce a rage. A rage ta koma 31, ya ce a ƙara. Layi ya taru, masu babur suna tsaki, yaron shago ya kira shi Injiniya cikin gatse. Shi ko a jikinsa, ya koma ta baya ta hagu.