Laima, Haraji da Naira Hamsin

A wasu jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai da ba su da aiki sai hawa jirgin sama su diro da laima, don nishaɗi kawai. Wai har yafiyar haraji suke nema, kuɗin ƙungiya kuma ta intanet ake biya. A nan, mai son wannan dirowa sai ya shiga soja a kai shi Jaji.

To, a ce 'yan Batsari da Safana da ke Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma sun kafa tasu. Kafin a zo zancen yafiya, sai rajista da hukumar CAC, da amintattu, da lauya. Jirgi kam sai a hankali. Ko an yafe, tura naira 10,000 na jawo cajin naira 50, don haka ma'aji mai wayo zai ce kowa ya turo 9,999.

Sabis ne matsalar. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomin biyu saboda tsaro, yanzu ma a wasu ƙauyukan sai an hau bishiya kuɗi ke tafiya. Saukowar ce atisayen farko, kuma ba laima.