Ustaz Na-Alƙalawa a Hannun Yaran Gurda

Bagobiri, bawana, labarinka ya iso Katsina tun kafin guminka ya bushe. An ce an tura ka koyon koyarwa wata firamare a unguwar Gurda, ka shiga aji da kwat cikin zafin nan na Sabha. Yara suka miƙe suka ce "Ustaz", kai kuma ka waiga kana neman wanda ake nufi. Sai ka buɗe rajista, ka yi ta kiran suna kamar mai rabon gado, takardar tana kaɗawa a hannunka. Wai Gobir gidan faɗa! Da Bawa Jan Gwarzo zai leƙo ya ga jikansa yana makyarkyata gaban 'yan shekara takwas, da ya sa an kankare maka zanen fuskar nan. Tun 1976 ake horar da malamai a garin, sai a kanka za a fara jin kunya?

To, share hawayenka, ubangidanka bai yar da kai ba.

Gobe ka rufe rajistar, ka ɗaura ƙwallon tsumma. Wanda ka jefa wa ya faɗi sunansa da abincin da ya fi so, shi ma ya jefa wa wani. Za ka ji bazin, za ka ji taliya, sunaye kuma su zauna maka ba tare da hadda ba. In layi ya zo kanka ka taƙaita, mun san cikinka.

Amma ga inda ribar take. A Sabha akwai gidan da ake Larabci, akwai na Tubanci, da na Buzanci, ga kuma Hausa. Ka ce kowane yaro ya koya maka yadda ake cewa ruwa a gidansu. Ɗan Buzu zai ce "aman", kai kuma ka maimaita da bakin nan naka mai karya kalma gida biyu. Ajin zai tuntsire. Bar su su yi, domin yaron da ya gyara wa malami harshe yau, gobe ba zai ji tsoron ɗaga hannu ba. Wasu malaman sai sun yi dabara kafin a yi musu dariya, kai kuwa Allah ya hutar da kai.

In lokaci ya rage, ka kawo kacici-kacici irin na gida, wanda ya kasa ya ba da gari. Su ba ka Murzuk, su ba ka Ubari. In sun kayar da kai, ka ba su Alƙalawa, ai dama kufai ce, ba ka yi asarar komai ba.

Kuɗin shawara kwali ɗaya na dabinon Fezzan. Kada ka ɗanɗana a hanya, na san adadinsu.