Ranar da Na Zama Dakta, Barista, Injiniya

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandaren gwamnati, kuma sunana irin sunan nan ne da idan aka ƙwala kiransa a Kantin Kwari mutum goma za su waiwayo, na sha ɗaya kuma ya sunkuyar da kai don ana binsa bashi. Mahaifinmu bai taɓa wahalar da kansa ba ranar suna. Muhammadu yake jerawa: ga Sani, ga Salisu, ga Rabi'u, da Allah ya ƙara wa tsoho kwana da sai mun kai Ashiru. Sunan shi tsohon ma na kowa ne. Da aka kai ni firamare sai hedimasta ya liƙa mini sunan garinmu a ƙarshe, irin yadda su Aminu Kano da Shehu Shagari suka tashi da sunayen garuruwansu. Garinmu kuwa babba ne, kuma mutanensa ba sa wasa da haihuwa.

Wata takardar gayyata aka kawo mini makaranta, daga ƙungiyar ci gaban wani gari da ba zan ambata ba, don har gobe suna bina alkawari. Ana so in zama Babban Baƙo Mai Jawabi a bikin karrama ɗalibai. Ban yi wani mamaki ba. Na taɓa rubuta 'yan maƙalu a jarida kan kwararowar hamada, sai na ce a raina ashe dai ana karantawa. Maiɗakina ta aika da babbar rigata wajen masu bugu, na ari zanna wajen ƙanena, na zauna na tsara jawabi kan dashen itatuwa, har da bayanin darbejiya.

Motar haya na shiga. Na sauka tun a tasha na ƙarasa da ƙafa, don bai kamata a ga babban baƙo yana jayayyar canji da yaron mota ba.

Tun daga nesa na hango ƙyallen da aka ɗaura a ƙofar filin. Ga sunana nan ɓaro-ɓaro, amma a gabansa an jera Dakta, Barista, Injiniya. Na ɗauka baƙi huɗu aka gayyato mai rubutun ya yi tsimin fenti. Aka zaunar da ni a kujera mai laushi, aka dire mini lemo da ruwan roba, ina ta waige-waigen sauran ukun. Kujera ɗaya ce.

Sakataren ƙungiya, wani matashi mai tabarau, shi ya tashi karanta taƙaitaccen tarihina, kuma daga wayarsa yake karantowa. Daga baya na gane yadda aka haife ni a ragaya: sunana ya rubuta a Google, duk abin da ya faɗo ya kwashe ya zuba a buhu ɗaya. A cikin tarihin nan an haife ni sau biyu, a garuruwa biyu. Na yi karatun likita a Zariya. Na je makarantar lauyoyi ta Bagauda. Na ƙera injin sussukar masara wanda, in ji shi, manoma ke rububinsa. Ina da mata uku a wani sakin layi, a na gaba kuma ban daɗe da angwancewa ba. Labarin ƙasa kam ko sau ɗaya bai fito ba, darbejiya balle.

Ina zaune ina lissafi da yatsu a ƙarƙashin riga. Likita a ƙasar nan shekara 6 yake yi a jami'a, ya ƙara 1 yana aiki a asibiti ƙarƙashin manya kafin hukumar likitoci ta ba shi cikakken lasisi. Lauya shekara 5, sannan 1 a makarantar lauyoyi kafin a kifa masa hular gashin nan a yafa masa baƙar riga. Injiniya shi ma 5. An sami 18 ke nan, ga bautar ƙasa, kuma ba a sa yajin aikin malaman jami'a a lissafi ba, wanda shi kaɗai ya isa mutum ya yi furfura. Babu wanda ya yi wannan lissafin a filin sai ni.

Na matsa kusa da shugaban ƙungiya, dattijo mai rawani, na yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, akwai kuskure fa. Ni malamin makaranta ne kawai."

Ya dube ni, idanunsa suka kawo ruwa. Ya miƙe ya karɓe lasifika daga hannun sakatare.

"Jama'a, kun ji tawali'u? Duk wannan ilmi da Allah ya ba shi, wai shi malamin makaranta ne kawai!"

Fili ya ɗauki tafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa daga rumfar mata. Na sake buɗe baki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Dakta, ai mun sani, ku manya ba kwa son a faɗa."

Da aka miƙo mini lasifika sai na ninke jawabin itatuwa na sa a aljihu, na ce bari in bi da su ta bayan gida ko sa gane. Na ce suna ɗaya ba ya nufin mutum ɗaya. Na kawo misalin Dikko. Akwai Dakta R.A.B. Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Gowon. Akwai Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri na Shagari, wanda a 1984 aka sace a Landan, aka yi masa allurar barci, aka rufe shi a akwati, jami'an kwastan suka gano shi a filin jirgin sama na Stansted. Akwai kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya riga su duka. Na ce idan yaro ya tattara su wuri ɗaya da waya, sai ya ba ku labarin sarkin da ya yi karatun likita aka sa shi a akwati. Ina faɗa ina kallon sakatare. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana rubutu. Ina zama ya tashi ya sanar da jama'a cewa an manta ba a faɗa ba, babban baƙo masanin tarihi ne kuma.

Sai aka ba ɗalibai damar tambaya. Wata yarinya da ta zo ta ɗaya a lissafi ta miƙe, hijabinta fes, ta ce, "Yallaɓai, yaya aka yi ka haɗa fannoni uku? Ni ma haka nake so."

To, me za ka ce wa yarinya a gaban iyayenta? Na ce mata haɗa fanni biyu dai an taɓa yi a duniya. René Laennec likita ne a Faransa. A 1816 ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata mara lafiya don ya ji bugun zuciyarta, daga nan aka samo abin sauraron nan da likitoci ke ratayawa a wuya. Chester Carlson lauya ne a Amurka mai aikin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, kwafar takardu ta gallabe shi, a 1938 ya fitar da fotokwafi na farko, ya yi shekaru yana yawo da fasahar kamfanoni na juya masa baya. Abraham Lincoln ma, tun yana lauya kafin ya zama shugaban ƙasa, a 1849 ya yi rajistar wata dabara ta ɗaga jirgin ruwa idan ya kafe a yashi, ko da yake ba a taɓa amfani da ita ba. Nufina a gane cewa waɗannan mutane ne da ake ƙirgawa da yatsu, kuma ba na cikinsu. Abin da jama'a suka ji shi ne na lissafo abokan aikina.

Ana tashi hutun sallar Azahar layi ya kafu a gaban kujerata.

Wata tsohuwa ce a gaba. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ɗage zani zuwa gwiwa ta ɗora ƙafar a kan teburin lemo. Gwiwar ta kumbura tana sheƙi, ga sawun tsagar wanzami jere a gefe, an shafe da wani baƙin magani mai warin man shanu.

"Ɗana, taɓa ka ji. Tun kaka take hana ni barci."

"Iya, ni ba likita ba ne. Ki je babban asibiti a ɗauki hoton ƙafar."

Ta juya wajen na bayanta. "Kun ji ko? Hoto ya ce. Ko taɓawa bai yi ba ya gano. Wancan na kemis allura kawai ya sani."

Bayanta wani magidanci ne da takardu a cikin ledar burodi, rigimar gonar gado tsakaninsa da ƙanensa. Na ce masa maganar gado ta malamai ce da alƙali, kuma sulhu ya fi. Ya ce ai shi ya sa yake son babban lauya, don a yi sulhun da zai ba shi gefen fadama. Ban gama da shi ba wani ya ja hannun rigata ta ɗaya ɓangaren ya raɗa mini cewa ko nawa yayansa ya saya, shi zai ƙara. Ƙanen ne. A tsaye a wurin suka fara cinikina, har sai da 'yan agaji suka shiga tsakani.

Na uku ne kaɗai ya ba ni tausayi. Wani saurayi ne ɗauke da fanka da ya haɗa da injin tsohuwar rediyo da batirin babur, fukafukanta na murfin bokiti. Tana juyawa kuwa, har ta kusa tafiya da zannar aro. Shi na ba shi abin da na sani tsakani da Allah, don ya faɗo fagena. Na ba shi labarin Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jigawa, wanda ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yashin yana tsotsewa ta jikin tukunya, busasshiyar iska na kwashe shi, yana tafiya da zafin, sai cikin ya yi sanyi. Yalon da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai ya yi makonni. Babu lantarki, babu batir, kuma a 2000 abin ya ciyo masa kyautar Rolex. Na ce masa in ya ƙirƙiro abu nasa na kansa, ana rajistarsa a Abuja, doka ta kare masa shi shekara 20. Ya saurara da kyau, sannan ya tambaye ni ko akwai gurbi a masana'antata.

Ana cikin haka aka yi ihu daga wajen 'yan fareti. Wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi, tun hantsi suna tsaye a rana. Fili gaba ɗaya ya juyo.

"Dakta! Ina Dakta? A ba Dakta hanya!"

Ba tafiya na yi ba, ɗaukata aka yi. Allah ya taimake ni, malamar asibitin garin ta riga ni isa. Ta sa aka kai yarinyar inuwa, ta kori masu rufe iska, ta ɗaga mata ƙafafu, aka yi ta fifita, da ta farfaɗo aka ba ta ruwan gishiri da sukari. Ni aikina riƙe mata jaka. Tana durƙushe ta ɗago ta dube ni, ta sake dubawa.

"Malam? Ba kai ka koya mana labarin ƙasa a aji huɗu ba? Yaushe ka zama dakta?"

"Yau da hantsi. Ki rufa mini asiri."

Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Lasifika kuwa tuni ta sanar cewa yarinya ta farfaɗo a ƙarƙashin kulawar babban baƙo.

Na ɗauka an gama, ashe ba a zo wajen ba. Bayan La'asar aka shigo da wani ƙaton faranti, aka ce yanzu za a ƙaddamar da gidauniyar gina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, kuma wa ya fi cancanta ya buɗe ta in ba mai albashi uku ba? Kuɗin motar komawa ne kaɗai a aljihuna, sai jawabin darbejiya. Na karɓi lasifika na ce irin gudummawar da nake da niyya ba ta faranti ba ce, za su ji daga gare ni. Aka yi kabbara. Sakatare ya rubuta wani abu mai tsawo a littafinsa, na ga biro yana ta zagaya sifiri.

Ambulan ɗin kuɗin mota da nake sa rai kuwa, shugaba ya ce sun yi shawara sun ga raini ne a miƙa wa mutum irina. Sai suka ba ni allon karramawa mai ɗauke da muƙamaina uku, da zabi biyu ɗaure da igiya. Suka tambayi inda direbana ya ajiye mota don su raka ni. Na ce na aike shi, kuma ina so in ɗan taka in ga gari, likita ai ya san amfanin tafiya.

Na bi ta lungu na ɓulla tasha, allo a hammata, zabi na fisge-fisge. Na samu gurbi a kujerar baya, na cusa kai tsakanin buhun albasa da taga. Mota ta cika saura mutum ɗaya, aka turo wata fasinja ta zauna kusa da ni tana nishi. Ta gyara zama, ta dube ni, ta dubi zabin.

"A'a, Dakta! Kai ma nan? To alhamdu lillahi, birni za ni wajen hoton da ka ce. Matsa da kajin nan in miƙe ƙafar a cinyarka, ka duba ta a tsanake kafin mu isa."